Daga Tashin Makaranta Zuwa Magariba: Wa Ya Horar da Masu Riƙon Yaranmu?

A Yalwawa, kamar sauran unguwannin Dutse, wunin yaro ɗan firamare ya kasu biyu. Da safe yana hannun malamin da doka ta san da zamansa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce wanda bai da takardar NCE bai cancanci shiga aji ba, kuma tun 1993 aka kafa Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, don tantance masu wannan sana'a. Daga azahar kuwa yaron zai koma hannun mai lesin, da malamin Islamiyya, da direban da ke kwaso yara, wani lokaci da 'yar aikin da ba ta girme shi da yawa ba. Akasarin waɗannan ba a taɓa tambayarsu horon da suka samu ba.

Asalin lamarin yana cikin tarihin garin. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama hedikwata, ma'aikata suka taso daga Haɗejiya, Gumel, Kazaure, Ringim da Birnin Kudu suka tare. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 ta ƙaro wasu. Sun zo da mata da 'ya'ya, amma sun baro kaka da gwaggo a gida, waɗanda a da su ne ke riƙon yaro idan uwa ta fita. Ga shi mata da yawa yanzu malamai ne, ma'aikatan jinya ne, ko suna ofis. Makaranta na tashi kafin a tashi daga aiki, dole yaro ya sami wurin zama. Haka riƙon yara ya zama sana'a, tun kafin a yi masa ƙa'ida.

Matsin lambar neman horo ya zo ta fuska biyu. Akwai ta takarda: TRCN ta fara jarrabawar ƙwarewa a 2017, shekarar da Kaduna ta gwada malaman firamarenta har 21,780 suka faɗi. Akwai kuma ta tsoro, wadda ta fi shiga zukatan iyaye. A Janairun 2022 aka gano gawar wata yarinya 'yar shekara biyar a Kano, wadda mai makarantarsu ya sace ya kashe, abin da ya sa gwamnatin jihar ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu don sake tantancewa. Wata guda kafin nan, a Disamban 2021, Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar kare yara ta Jigawa. Tun daga lokacin iyaye suka ƙara yawan tambaya, kuma hakan alheri ne.

Sai dai maganin da aka fi ambata, wato a tilasta wa kowa NCE, ina ganin bai dace da ciwon ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suna koyar da dabarun koyarwa, kuma karatun NCE shekara uku ne. Malamar Islamiyyar da ke karɓar ɗan ihsani a ƙarshen wata ba za ta iya ajiye aiki ta tafi Gumel ba. Idan ta je ta dawo da takarda, da wuya ƙaramar makarantar unguwa ta iya biyanta mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, sai ta nemi aikin gwamnati. Idan kuma makarantar ta ƙara kuɗi, talaka zai janye ɗansa ya bar shi a layi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da mai riƙon yara da yamma ke buƙata ya bambanta da na malamin aji. Ya san abin da zai yi idan yaro ya shiɗe saboda zazzaɓi, ko ya yanke jiki a zafin watan Afrilu. Ya gane yaron da ya daina magana kwatsam, ya san wa zai gaya wa ba tare da ya tona asirin yaron a unguwa ba. Ya iya tsawatarwa ba da bulala ba, ya san cewa ba a miƙa yaro ga duk wanda ya zo ƙofa ya ce shi kawunsa ne. Wannan ilimin makonni ne, ana iya bayar da shi da Hausa lokacin hutu, a ajin firamaren unguwa, da hannun ma'aikatan lafiya da jami'an jin daɗin jama'a. Yana ba ni takaici cewa abu mai sauƙi haka shi ne aka fi mantawa.

Tsangaya ce ta fi kowa buƙatar irin wannan horo, domin can yaro yake kwana ya tashi, kuma sau da yawa gardi ne ke kula da ƙolo. An kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Idan horonta ya tsaya kan alaramma bai sauko ga gardawa ba, wanda yake tare da yaron da tsakar dare zai ci gaba da aiki da abin da ya gani an yi masa yana ƙarami.