Maganin da ke jiran haske kafin ya far wa kansa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san abin da kimoterafi ke yi wa mutum. Gashi ya zube, ga amai, baki ya yi gyambo, mutum ya rame. Dalili kuwa, maganin ba shi da ido. Jini yake bi ya ratsa ko'ina, duk ƙwayar halittar da ya tarar tana saurin hayayyafa sai ya far mata, ko ta kansa ce, ko ta tushen gashi, ko ta hanji. To, yau zan yi bayanin ƙoƙarin da ake yi na kai magani ƙofar ƙarin da ya fito, a gan shi a hoto ya isa, sannan a kunna shi da haske.

Mu fara da girma. In ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ake kira nanomita. Kaurin silin gashi ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. Ƙunshin maganin da muke magana a kai kuwa bai wuce kamar nanomita 100 ba. Kuma ba baƙo ba ne a jikinmu: wanda aka yi wa rigakafin korona na Pfizer ko Moderna, cikin irin wannan ɗan ƙunshin kitse aka saka sinadarin.

A fagen kansa, abin ya fara tun 1995, lokacin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Doxil. Akwai wani jan magani mai ƙarfi, doxorubicin, wanda babban aibinsa shi ne yana lahanta zuciya. Da aka naɗe shi cikin ƙunshin kitse, sai lahanin da yake yi wa zuciya ya ragu sosai.

To ta yaya ƙunshin ke gane ƙari? A 1986 wasu masana biyu a Japan, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ƙari ke gina wa kansa gini ne na gaggawa, bangon duk kafofi. Ɗan ƙunshin ba ya iya fita ta lafiyayyar jijiya, amma in ya zo nan sai ya zurara ya taru. Daga baya aka ƙara masa wayo. Muhallin ƙari ya fi sauran jiki ɗan tsami, don haka ake ƙera ƙunshin da ba ya buɗewa sai ya ji wannan tsamin. Wani kuma a liƙa masa sinadarin da ke kama wata alama da ke jikin ƙwayar kansa, kamar makulli da kwaɗo.

Yanzu bari mu zo kan haske, wanda ni shi ya fi burge ni. Wajen shekarar 1900, wani ɗalibi a birnin Munik na Jamus, Oscar Raab, ya lura cewa wani rini yana kashe ƙananan halittun ruwa in akwai haske, amma a duhu kusan ba ya yi musu komai. Abin da ke faruwa shi ne, rinin yana karɓar ƙarfin haske ya miƙa wa iskar oksijin da ke kusa, ita kuma ta rikiɗe ta zama guba mai ƙona ƙwayar halitta. Gubar ba ta daɗewa, ba ta kuma tafiya nesa, a inda aka haife ta take ɓarna ta mutu. Ke nan sai abu uku sun haɗu: rini, haske, oksijin. In ɗaya ya yi fashi, babu aiki.

A 1993 Kanada ta amince da Photofrin, maganin farko na irin wannan, don kansar mafitsara. Sai dai yana yaɗuwa har fata, don haka sai majiyyaci ya guji rana na akalla wata guda, in ba haka ba ya ƙone. Ku ƙaddara a ce wa mutumin Sakkwato ya yi wata bai shiga rana ba! Wannan na cikin dalilan da ake son a kulle rinin cikin ƙunshi, kada ya farka sai a cikin ƙari.

Akwai kuma hanyar zafi. A Jami'ar Rice da ke Amurka, Naomi Halas da Jennifer West sun ƙera 'yan ƙwallaye masu rufin zinare, waɗanda ke ɗaukar zafi in an haska su da leza, har su dafa ƙarin daga ciki. A 2019 aka fitar da sakamakon ƙaramin gwaji kan maza 16 masu kansar furostet. Japan kuma a 2020 ta amince da Akalux, maganin da ke liƙe wa ƙwayar kansar kai da wuya, sai an haska jan haske sannan ya fasa ta.

Batun hoto fa? Rinin da ke kashewa sau da yawa yana kuma ƙyalli. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa tuni suna ba majiyyaci wani ruwa, 5-ALA, ya sha kafin aiki. In an kunna shuɗin haske sai ƙarin ya yi jajir, likita ya ga iyakarsa. Burin yanzu shi ne ƙunshi guda ya ɗauki magani da rini, har da ɗan sinadarin ƙarfe da na'urar MRI ke gani.

Amma fa kada in sayar muku da abin da ba haka yake ba. A 2016 Warren Chan na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi kan dabbobi, suka gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na abin da aka yi allurarsa ke isa ƙari. Mafi yawa hanta da saifa ne ke tsince shi a hanya. Kuma a ɓeraye ke nan, inda kafofin jijiyar nan suka fi na mutum nunawa. Shi ma haske ba ya nitsewa can ciki. Jan haske da ƙyar yake ratsa santimita ɗaya na tsoka. Shi ya sa ya fi amfani a fata, baki, maƙoshi, huhu da mafitsara, inda za a iya zura siririyar wayar haske. Ga shi kuma tsakiyar babban ƙari ba ta da isasshiyar oksijin.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Haske inda aka nuna shi yake aiki, alhali yawancin masu kansa a wajenmu sai cutar ta bazu suke isa asibiti. Sannan ina ganin tallace-tallace a WhatsApp na ruwa ko ƙwaya mai sunan "nano", da fitilun da wai suna narkar da kansa. Abubuwan da na lissafa muku yau, likita ne ke yin su a asibiti, da allura da leza mai awo, kuma da yawansu har yanzu suna matakin gwaji. In kin ji ƙullutu a mama, ko ka ga gyambon baki da ya ƙi warkewa, asibiti za a je a ɗebi nama a auna.

A shiri na gaba za mu duba yadda ake wannan awon naman, da abin da ke sa sakamako ya daɗe bai fito ba. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun sake haɗuwa.