Sukarin Da Ke Gina Ƙwaƙwalwar Jariri

Uwargida, akwai wani sukari wanda ba na shayi ba ne. Jiki ne da kansa yake haɗa shi, ya liƙa a kan sinadaran furotin, kamar adireshi a bayan wasiƙa. Da taimakon wannan alama ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayi suke gane mazauninsu, su sadu da juna.

A 1980 wani likitan yara a Beljiyam, Jaak Jaeken, ya bayyana labarin wasu tagwaye mata da wannan aiki ya samu tangarɗa a jikinsu. Yau ana kiran ciwon CDG, ire-irensa sun haura 100. Jariri kan zo jiki ba ƙwari, idanu a karkace, kan nono ya shige ciki. Zama da tafiya su yi jinkiri, wani har da farfaɗiya.

Ba maita ba ce, ba kuma abin da uwa ta ci ba. Yawanci gado ne kamar sikila: uwa da uba lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Auren zumunta yana ƙara wannan haɗuwa. Da gwajin jini likita ke farawa, gashin ƙashi kuma yana taimaka wa yaron.