Gahawar Lantarki a Bakin Iyaka: Hisabin Wuta da Kuɗi a Jibiya

Matafiyin da ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ya tsaya a Magama ta ƙasar Jibiya inda jami'an kwastan da na shige da fice suke duba kaya da takardu kafin a ƙetara zuwa Ɗan Isa, ba zai rasa ganin teburin mai shayi ba, da tukunyarsa bisa wuta, da gwangwanayen madara da Nescafé a jere, ko kuwa wani Buzu a gindin bishiya yana fifita gawayi a ƙarƙashin 'yar butarsa. Amma a zamanin nan, da fatauci da aikin hajji suka buɗe wa mutanenmu ido, akan sami alhajin da ya ɗanɗana gahawa mai kauri a Jidda ko Dubai, ya yi sha'awar sayen na'urar esfireso ya ajiye a gidansa, kuma tambayar da yakan fara yi ita ce: nawa za ta ci na wuta?

Gahawa dai ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, domin sufayen Yaman ne suka shahara da shanta tun ƙarni na 15 don ta taimake su raya dare da zikiri, har aka yi saɓani a kan hukuncinta a Makka a shekarar 1511, kafin ra'ayin halasci ya rinjaya. Na'urar kuwa ta mutanen Italiya ce: Angelo Moriondo ya yi rajistar irinta a birnin Turin a 1884, Luigi Bezzera ya kyautata ta a Milan a 1901, sannan bayan yaƙin duniya na biyu Achille Gaggia ya fito da wadda take matsa ruwa da ƙarfi sosai. Aikinta shi ne ta ɗumama ruwa har ya kusa tafasa, ta tura shi cikin niƙaƙƙiyar gahawa da matsi kamar ninki 9 na nauyin iskar da ke kanmu, a cikin abin da bai wuce rabin minti ba.

To, ga hisabi. Yawancin na'urorin gida suna jan wat 1,000 zuwa 1,500. Yunit ɗaya da mita take ƙirgawa shi ne wat 1,000 na tsawon sa'a guda. Idan na'ura mai wat 1,300 ta yi minti biyar tana jan wuta da dukan ƙarfinta, wanda ya isa ta yi zafi ta fitar da kofi biyu ko uku, abin da ta sha bai wuce kashi ɗaya cikin goma na yunit ba sai da kaɗan. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun wuta sa'a 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga bisani ya tsaya a wajen naira 209. Ke nan ko a farashin naira 209 na wannan rukuni mafi tsada, gahawar safiya ba ta kai naira 25 na wuta ba, a wata kuma ba ta cika naira 700 ba. Israfi yana shigowa ne idan aka bar na'ura mai babbar tukunya a kunne tun hantsi har magariba, tana hucewa tana sake ɗumama kanta, domin a nan sai ta lashe yunit guda ko fiye a yini ba tare da an sha komai ba.

Da a ce mas'alar ta tsaya a nan, da ban ɗauki alƙalami ba. Haƙiƙanin al'amari shi ne, a Jibiya ba yawan abin da na'urar take sha ne illa ba, yadda take shansa ne. Ɗabi'arta ta raƙumi ce: ba ya zuwa rijiya kullum, amma ran da ya zo, guga ɗaya ba ta isarsa. Wat 1,300 take nema a lokaci guda, ba ta karɓar uzuri. Ƙaramin janaretan da ake gani a ƙofar shaguna, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba ya iya ɗaukarta, sai ya shaƙe ya mutu. Wanda ya dogara da sola kuwa, ko da faifansa suna tara masa abin da ya ninka bukatar gahawar sau da yawa, dole ne ya sayi inbata da batura masu jure wannan fizga, kuma kuɗinsu yakan zarce na na'urar kanta. Idan kuma wutar kamfanin KEDCO ta zo da rauni, kamar yadda takan zo a ƙarshen dogon layi, sai ruwan ya daɗe bai yi zafi ba, famfon ya gaza matsawa, kuma hawa da saukar wutar ne yake ƙona ƙwaƙwalwar na'ura.

Tayar da babban janareta domin kofi ɗaya kuwa wani hisabi ne dabam. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta ninka kuɗinta, alhali mutanen kan iyaka sun riga kowa ɗanɗana wannan ɗaci, tun Nuwamba 2019 da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutane suka koma ga 'yan bumburutu. Irin wannan injin yakan ba da yunit ɗaya zuwa biyu ne kacal a lita guda, don haka wutarsa ta fi ta rukunin A tsada ninki-ba-ninki.

Maƙwabtanmu na Katsinar Maraɗi ma ba su tsira ba, domin wutarsu da tamu tushe ɗaya ne. Shekaru masu yawa Nijeriya tana sayar wa kamfanin NIGELEC na Nijar wuta, har a baya ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar take amfani da shi, kuma layin da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa shi yake ciyar da Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka yanke wutar, aka rufe iyaka, ba a ɗage takunkumin ba sai a farkon 2024. A tsakanin nan 'yan'uwa na jini a ɓangarorin biyu suka sha wahalar da ba su da hannu a cikinta, abin da har yau nake ganin bai dace ba.

Sauran ɗawainiyar na'urar ba ta wuta ba ce. Ƙwayar gahawa mai kyau daga waje ake kawo yawancinta da kuɗin ƙetare, duk da cewa tsaunin Mambila a jihar Taraba yana fitar da ita. Ruwan rijiyar burtsatse idan yana da gishirin ƙasa yakan toshe bututunta. In ta lalace kuma, da wuya a sami mai gyara ba a je Kano ba.

Saboda haka shawarata ga mai sha'awa ita ce, kafin ya tambayi kuɗin na'ura, ya juya ta ya karanta adadin wat da aka rubuta a gindinta, ya gwada da ƙarfin injinsa. In bai kai ba, akwai 'yar butar ƙarfe da Alfonso Bialetti ya fitar a 1933, wadda ake kira moka. Matsinta bai kai na esfireso ba, amma gahawarta tana da kauri, kuma a kan gas ko kurfotin gawayi ake ɗora ta.