Adireshin gidanka ne makarantarka: labarin Shaker Heights a Amurka

Na san ka sha ganinta a TikTok ko a fim: doguwar motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya a ƙofar gida, yara sun shige, an nufi makaranta mai filin ƙwallo da kwamfuta a gaban kowa. A ƙasan bidiyon sai ka ga mutanenmu na ta cewa ai a Amurka gwamnati ta gama yi wa yara komai. To tsaya ka ji. Yawancin kuɗin wannan makaranta ba daga Washington yake zuwa ba, kuma ba kowane yaro ne ke da damar shiga cikinta ba.

A Amurka akwai gundumomin makarantu sama da 13,000. Kowace tana da iyakarta, da hukumar gudanarwarta, wadda galibi mazauna yankin ne ke zaɓar mambobinta da ƙuri'a. Gwamnatin tarayya kan ba da kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na kuɗin, sauran daga jiha ne da harajin gidajen yankin. Ka gane lissafin? Inda gidaje ke da tsada haraji na da kauri, makaranta kuma sai ta yi kyau. Ita kyakkyawar makarantar sai ta ƙara wa gidajen tsada. Shi ya sa iyaye ke rububin unguwannin bayan gari.

Kada ka ɗauka iyakar nan wasa ce. A 2011 kotu a jihar Ohio ta ɗaure wata uwa baƙar fata, Kelley Williams-Bolar, ta kwana tara a gidan yari. Laifinta shi ne ta yi amfani da adireshin mahaifinta ta sa 'ya'yanta mata biyu a makarantar gundumar Copley-Fairlawn, alhali ita a birnin Akron take zaune.

A wannan jihar ne Shaker Heights take, wani gari mai mutum kusan 29,000 a gefen birnin Cleveland. Wasu attajirai 'yan'uwan juna, Van Sweringen, suka tsara shi a farkon ƙarni na 20 don masu hannu da shuni, kuma aka daɗe ana toshe wa baƙaƙen fata da Yahudawa hanyar sayen gida a ciki. A 1956 aka tayar da bam a gidan da wani lauya baƙar fata ke ginawa a unguwar Ludlow. A wasu garuruwan, da baƙi sun fara shigowa sai fararen su tattara su gudu. A Ludlow kuwa maƙwabta, fari da baƙi, suka kafa ƙungiya don a zauna tare. A 1970 gundumar ta fara ɗaukar yara a mota daga wannan unguwa zuwa waccan don azuzuwa su gauraya, ba tare da kotu ta tilasta mata ba. Mutanen garin kuma suka yi suna wajen amincewa da ƙarin haraji saboda makarantunsu.

Za ka ce ai shi ke nan, kuɗi akwai, niyya akwai. Ina! Yara suna shiga ta ƙofa ɗaya, amma da an kaɗa ƙararrawa sai su rabu. Azuzuwan da aka ware wa masu hazaƙa galibi farare ne a ciki, na gama-gari kuma galibi baƙaƙe. A 1997 jaridar ɗaliban sakandaren, The Shakerite, ta wallafa alƙaluman da suka nuna tazarar sakamako tsakanin ɓangarorin biyu, gari ya ɗauki zafi.

A nan ne wani ɗan Najeriya ya shigo labarin. Iyaye baƙaƙen fata suka gayyato Farfesa John Ogbu na Jami'ar California da ke Berkeley, haifaffen yankin da a yau yake jihar Ebonyi, ya bincika musu dalili. Littafinsa ya fito a 2003, shekarar da ya rasu, kuma bai yi wa mutane da yawa daɗi ba. Bai musanta cewa akwai wariya ba, amma ya ce yaran da dama ba sa zage dantse, wasu na gudun abokai su ce suna kwaikwayon farare, iyaye kuma ba sa bibiyar aikin gida yadda ya kamata. Masu suka suka ce ya bar jaki yana dukan taiki. Tambayarsu ita ce: wa ke yanke wa yaro ajin da zai shiga tun yana ƙarami, kuma me malami ke tsammani daga gare shi?

A 2020, ana tsakiyar korona, gundumar ta ɗauki mataki mai nauyi: ta haɗe da yawa daga azuzuwan masu hazaƙa da na gama-gari, kowa ya zauna a aji ɗaya. Wasu iyaye suka yi murna cewa an buɗe wa 'ya'yansu ƙofar da ta daɗe a rufe. Wasu suka ce an rage wa nasu gudu. Malamai kuma suka koka da wuyar koyar da mai saurin ganewa da mai buƙatar a maimaita masa a lokaci guda. 'Yar jarida Laura Meckler, wadda a garin ta tashi, ta ba da labarin wannan doguwar ja-in-ja a littafinta Dream Town na 2023.

Abin da bidiyon daƙiƙa talatin ba zai nuna maka ba ke nan. Bayan motar nan akwai takardar haraji, da akwatin zaɓe, da zaman hukuma inda uwa ke miƙewa ta ƙalubalanci shugaban makarantu ido da ido. Mutanen Shaker Heights sun haura shekara 60 suna wannan gardama ba su gama ba, amma ba su daina zuwa taron ba.

Kai fa, firamaren da ka yi, yaushe rabonka da leƙa ta? Ka san ma wa ke yanke shawara a kanta yau?