Owendo da Gonakin da Aka Bari a Gabon

Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Franceville yana sauke ma'adinin manganis da katako a tashar jiragen ruwa ta Owendo, jiragen ruwa kuma su sauke shinkafa, alkama da kajin ƙanƙara. Wannan musaya ita ce hoton tattalin arzikin Gabon, ƙasar da daji ya rufe fiye da kashi 80 cikin ɗari nata, ruwan sama bai taɓa zame mata abin nema ba, amma yawancin cimarta daga waje take zuwa.

Noma yana son ƙasa, da hannu, da jari. Ƙasa dai ga ta har ta yi yawa. Hannu ne ya tsere. Tun da kuɗin man fetur ya ɓarke a shekarun 1970, samari suka nufi Libreville da Port-Gentil neman albashi, har aka wayi gari kusan mutum tara cikin goma a birni suke. A ƙauyen kurmi kuwa aikin ƙarfi ne: namiji ya sare daji ya ƙone, mace ta dasa rogo da agade, ta yi noma, ta ɗauko da kwando a gadon bayanta. Idan masu sarar suka tafi, gonar tsohuwa sai ta tsuke iya cin gida. Abin da ya yi saura giwa ta tattake shi a dare guda, kuma doka ta hana a taɓa ta.

Jari shi ma hanyar mai da ma'adinai ya bi. Shi ya sa agade da tumatir da albasa suke shigowa daga Kamaru ta Bitam da Oyem, inda Hausawa suka daɗe da zama suna fatauci, kafin su isa kasuwar Mont-Bouët ta Libreville da tsada.

An yi yunƙuri. Cibiyar tallafa wa manoma ta IGAD, wadda aka kafa a 1992, ta buɗe lambuna a Owendo, inda ɗan fili da ruwa da kusancin kasuwa ke riƙe iyali da latas da alayyafo. Shirin noma na GRAINE na 2014 ya raba filaye, sai dai ba fili ne ciwon ba. Yanzu gwamnati ta ce za ta hana shigo da kaji daga 2027. Kaza masara take ci, kuma muddin ba a mayar da masu ƙarfi gona ba, masarar ma ta Owendo za ta shigo.