Haukan Kare Daga Cizon Jemage: Yadda Ake Gane Shi a Jikin Mutum

A ƙasashen nahiyar Amurka, daga Meziko zuwa Ajantina, akwai wani ɗan jemage da ba ya cin komai sai jini. Da dare yakan sauka kan shanu da dawakai, ya tsaga fata ya lashi jini. Idan dabbobi suka yi ƙaranci sai ya koma kan mutanen da ke barci. Ta yawunsa ne ƙwayar cutar haukan kare ke shiga jiki.

Gane wannan ciwo yana da wuya. Raunin ƙarami ne, sau da yawa mai barci ba ya farkawa. Kuma ba kowane majinyaci ne ke fizge-fizge da tsoron ruwa ba. Wani shanyewar gaɓoɓi yake yi, sai a ɗauka wata cutar jijiyoyi ce.

A shekarar 2010 jemage ya ciji wani saurayi ɗan shekara 19 a dunduniya a Meziko. Ya tafi ci-rani gonar rake a jihar Luwiziyana ta Amurka. Bayan kimanin mako biyu ya fara jin ciwon kafaɗa da mutuwar hannu, aka zaci gajiyar aiki ce. Kafin gwaji ya tabbatar da cutar ta riga ta ci ƙarfinsa, ya rasu a watan Agusta.

Gwaji ɗaya ba ya wadatarwa ga mai rai. Likitoci kan ɗebi yawu, da jini, da ruwan ƙashin baya, da ɗan yankin fatar ƙeya mai gashi, domin ƙwayar na ɓuya a jijiyoyin gindin gashi. Bayan mutuwa kuwa ƙwaƙwalwa ake bincikawa. Babu gwajin da ke nuna cutar kafin alamu su bayyana, kuma da zarar sun bayyana da wuya a tsira. Saboda haka labarin cizon shi ne babbar hujjar likita.

Babu jemage mai shan jini a Afirka. A Najeriya kare ne ke yaɗa cutar, amma darasin ɗaya ne. Duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti domin allurar rigakafi, ya faɗi dabbar da ta cije shi komai ƙanƙantar raunin. A kuma sanar da likitan dabbobi, don ya aika da kan dabbar Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a gwada.