Ciwon Yoyon Fitsari: Wa Ya Ce Mai Shi Ba Ta Da Salla?

A kasuwannin Malbaza, Galmi da Birnin Ƙonni, akan wayi gari a ga wata mai fura ko mai ƙosai ta daina fitowa tun da ta haihu. Wani lokaci ba jego ne ya tsare ta ba, ciwon yoyon fitsari ne. Masu saye sun gudu, miji ya mayar da ita gidansu, an ware mata kwano da tabarma. Abin da ya fi ci mata rai shi ne an gaya mata jikinta najasa ne, har ta ajiye salla.

To, daga ina aka samo wannan hukunci? Ba dai daga littafin Risala da malamanmu ke karantarwa a zaure ba. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala. Abin da aka so kawai shi ne a sabunta alwala ga kowace salla. Ko a zamanin Annabi (SAW), Fatima bint Abi Hubaish ta kawo kukan jinin ciwo da ya ƙi tsaya mata, aka umarce ta da ta ci gaba da sallarta. Abin mamaki, wasu masu saurin cewa "ƙazama" ba su taɓa buɗe wannan babi ba.

Ciwon kuma ba sakamakon zina ba ne, ba aikin iskoki ba ne. Yawanci doguwar naƙuda ce ke kawo shi: kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu kwana biyu ko uku, naman wurin ya mutu, ya huje. Yankan gishiri ma yana jawo shi. Zuwa asibiti da wuri, kamar na Galmi da aka kafa a 1950, don a ciro jariri ta hanyar tiyata, shi ne rigakafi.

Wadda ta riga ta kamu kuwa, ana ɗinke wurin ta warke. An buɗe cibiyar wannan aiki a Danja kusa da Maraɗi a 2012, akwai kuma ta Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi wa dubban mata aiki. Idan hujin ƙarami ne kuma sabo, robar fitsari kaɗai da likita zai sa na 'yan makonni tana iya rufe shi, ba tare da an kai ga wuƙa ba.